Abin da Na Shuka wa Ragunan Turka a Daminar 2024

Babbar Sallah tana ja da baya da kusan kwana 11 kowace shekara, kuma duk mai turka raguna yana jin wannan a aljihunsa. A 2023 an yi ta ranar 28 ga Yuni, a 2024 ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuwa ranar 6 ga Yuni. Idan ka ƙirgo wata uku kafin nan, wato lokacin da rago ke buƙatar ci sosai don ya ɗora nama, sai ka tarar da kanka a tsakiyar bazara: Maris, Afrilu, Mayu. A nan ƙasarmu ta gabashin Kano, a waɗannan watanni babu ɗanyar ciyawa ko ta magani, shanu sun gama da karan gona, harawa kuma ta kai maƙurar tsada. A shekarun da Sallah ke zuwa a Satumba ko Agusta, kamar 2016 zuwa 2019, yaro ɗaya da lauje ya isa ya ƙosar da raguna biyu daga bakin gona. Wannan sauƙin ya wuce, kuma zai daɗe bai dawo ba, domin nan gaba Sallah ƙara shigewa cikin rani za ta yi.

Shi ya sa tun kafin ruwan 2024 ya sauka na yanke shawarar cewa abincin ragunan Sallar 2025 a gonata zai fito. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da lissafi na fara. Rago mai nauyin kilo 25 zuwa 30 yana cin busasshen abinci kusan kilo ɗaya a rana, yana girma cin yana ƙaruwa. Ni kuwa raguna shida nake son turkawa, kuma niyyata in saye su da kaka, lokacin da suke da araha, in riƙe su har Yuni. Da na haɗa watannin riƙo da watannin ciyarwa mai ƙarfi, sai na ga abin ya haura tan ɗaya, har da abin da za su zubar ƙasa su tattake. Dusa dole a saya. Amma fiye da rabin wannan nauyi harawa ce da ciyawa, kuma su ne gona za ta iya ba ni. Tambayar ita ce me zan shuka, a ina, kuma yaushe, ba tare da na taɓa abincin gida ba, don gonar duka eka uku ce da 'yan kai.

Na kai maganar wurin kawuna, wanda ya tsufa cikin kiwo. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ciyawa ai Allah ne ke shuka ta. Ga kyasuwa nan, ga harkiya, ga gamba a kan iyaka. Ka sa yara su yanka maka su tara, me zai kai ka ɓata gona?" Na ce, "Kawu, gaskiya ne, amma yaushe za a yanka?" Nan muka daɗe muna juya zancen. Ciyawa tana da amfani ne tana ɗanya shataf, kafin ta fitar da kai, kuma wannan lokacin shi ne Agusta, sa'ad da ruwa ba ya barin komai ya bushe. Idan ka yanka ka shanya, kwana biyu ta yi baƙi ta fara wari. Idan kuma ka jira Oktoba rana ta buɗe, ta riga ta tsufa ta zama kara. Masana kiwo sun ce tumbin tunkiya yana buƙatar abinci mai furotin aƙalla kashi 7 cikin ɗari kafin ya narkar da abin da aka ci yadda ya kamata, alhali tsohuwar ciyawa da karan dawa ba su kai nan ba. Harawar wake da ta gyada kuwa, idan ganyensu bai zube ba, sukan kai kashi 12 har su wuce. Kawu bai damu da alƙaluman ba, amma ya san zancen a aikace. Shi da kansa ya ce rago na iya cika ciki da yayi har ya yi tumbi, bayansa kuwa ƙashi ne. Daga ƙarshe muka tsaya a kan cewa ciyawa za ta zama ciko, za a yanki kyasuwa da harkiya a ƙarshen Satumba, kuma duk inda aka ga gadagi a ware shi daban, don shi dangin wake ne, dabbobi na rububinsa.

Wake shi ne ya fi cin mini tunani. Mun gaji Kanannado, kuma babu mai musun harawarsa. Yana yaɗo ya rufe ƙasa, ba ya fure sai rana ta fara gajarta, saboda haka yana shafe damina yana tara ganye. Aibinsa biyu ne: idan ruwa ya ɗauke da wuri ƙwayar ba ta cika, kuma a ƙarƙashin doguwar dawa, yadda muka saba shuka shi, inuwa tana cinye rabin ƙarfinsa. Irin da ke nuna da wuri kuma ƙwaya yake bayarwa, jikinsa ɗan tsugul, ka girbe shi ka rasa abin ɗaurewa. Malamin gona na yankinmu ne ya tuna mini da irin da ake cewa mai amfani biyu, wanda IITA, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, ta yi aiki a kansa a tasharta ta Kano tare da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Ya ambaci SAMPEA 9 da SAMPEA 11, ya ce suna ba da ƙwaya mai kyau kuma ganyensu na nan kore bayan an tsince 'ya'yan. Ya kuma zana mini a ƙasa tsarin da masu binciken suka daɗe suna koyarwa: layi biyu na dawa, layi huɗu na wake, a maimaita har ƙarshen gona. Da farko abin ya yi mini kama da asarar dawa. Amma da na tsaya na duba, layi biyun nan kowanne yana samun rana ta gefe guda, waken kuma ya fita daga inuwa gaba ɗaya. Na bi wannan tsarin a eka ɗaya da rabi, da SAMPEA 11. Kanannado ban yar da shi ba, na ba shi gefen gona na yamma inda ƙasar ke riƙe laima.

Akwai abin da ya kamata mai shuka wake don harawa ya riƙe: feshi. Waken zamani ba ya yi sai da maganin ƙwari, musamman lokacin fure da ɗaurin 'ya'ya. Ganyen da ka fesa kuwa shi dabbarka za ta ci. Na karanta kwanakin jira da ke rubuce a jikin kwalbar, na tsayar da feshin ƙarshe da wuri, na bar tazara mai yawa kafin yanka. Gara in rasa 'yan mudu na wake da in zuba wa rago guba a komi.

Gyada ba ta ba ni wahalar zaɓi ba sai ta fuskar lokaci. A wurin masu turka da yawa harawar gyada ita ce gaba, kuma a kasuwa buhunta ya fi tsada. Irin SAMNUT 24 da ya yaɗu a wajenmu yana nuna cikin kusan wata uku. Idan ka shuka shi da ruwan fari a Yuni, zai nuna a tsakiyar Satumba ana tsaka da ruwa, ka cire gyada lafiya amma harawar ta yi fumfuna a tsibi. Harawa mai fumfuna kuwa ba ta da wani amfani, cuta ce. Sai na jinkirta shukar zuwa farkon Yuli, don cirar ta faɗo a Oktoba. Rabin eka na ba ta, a jigawar da ke gabas, na zuba mata takin sufa, wato SSP, don gyada da wake ba yuriya suke nema ba, su da kansu suke ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Baƙon da ke cikin zaɓina shi ne lablab. Ban taɓa shuka shi ba, ko da yake na sha jin cewa cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana yaɗa shi. Wake ne mai faffaɗan ganye, mai yaɗo da hawa, jijiyarsa na nutsewa ƙasa sosai, shi ya sa yake zama kore bayan sauran amfanin gona sun bushe. Iri biyu aka fi sani: Rongai mai farin fure, wanda ke jinkirin fure ya tara ganye da yawa, da Highworth mai fure shuɗi-shuɗi da baƙar ƙwaya, wanda ke saurin yin 'ya'ya. Tunda ganye nake so, Rongai na nema, kuma ta hannun malamin gona aka samo mini. Da uwargida ta ga irin a kwano ta ce, "Malam, wannan waken ana cin sa?" Na ce mata na raguna ne. Ta ce, "To Allah ya sa su san darajarsa," domin ita ce za ta riƙa ba su abinci safe da yamma, kuma ta fi ni sanin halin kowace dabba a gidan. Na ware masa kwatar eka shi kaɗai, na shuka a tsakiyar Yuli, ƙwaya biyu a rami, taku guda tsakanin ramuka. Na kuma zuba kaɗan a tsakanin masarar bayan gida bayan ta kai gwiwa, don in ga yadda zai yi da maƙwabci.

Akwai waɗanda na duba na ajiye. Ciyawar Napier tana ba da ganye tuli, amma tana son ruwa da taki, ni kuwa ba ni da fadama. Stylo, wani tsiro dangin wake wanda aka riƙa shuka wa makiyaya a killatattun filaye a kudancin Kaduna tun shekarun 1980, yana son shinge da haƙurin shekara biyu, kuma a garinmu da zarar an gama kaka ake sakin dabbobi, duk abin da ya rage kore a fili ya zama na kowa. Wani kuma ya ba ni shawarar in shuka dawa a cunkushe in riƙa yanka tana ƙarama. Wannan na ƙi shi kai tsaye. Kowane Bahaushe mai dabba ya san gyauron dawa yana kisa. Ƙaramar dawa, da wadda ta sake tohowa bayan yanka, musamman idan fari ya taɓa ta, tana ɗauke da guba mai kayar da tunkiya cikin ɗan lokaci. Kara busasshe bayan girbi ba shi da wannan matsalar, shi zan yi amfani da shi.

Daminar ta zo da ruwa mai yawa a Agusta da Satumba, har wasu garuruwan Jigawa da ke maƙwabtaka da mu suka yi ambaliya. Lablab ɗin ya yi nawa a makonnin farko, ciyawa ta so ta danne shi, sai da aka yi masa noma biyu. Daga nan ya miƙe ya rufe ƙasa ruf, babu ciyawar da ta sake ɗaga kai. Wanda ke cikin masara kuwa ya nannaɗe ta har ya kayar da wasu karare, don haka wannan haɗin ba zan maimaita shi ba sai dai in jinkirta shukar sosai. Inda ruwa ya kwanta a gefen fegin, lablab ya yi rawaya ya tsaya. Ba ya son ƙafarsa cikin ruwa.

Aikin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne yanka da shanya, kuma nan ne mutane da yawa ke zubar da wahalar daminarsu. Amfanin harawa a ganye yake. Karan jikinta ciko ne kawai. Idan ka bar wake a gona har ya bushe a tsaye, ganyen ya kaɗe ƙasa, abin da za ka ɗaure igiyoyi ne. Mun tsince waken SAMPEA a Oktoba, muka yanke jikin tun yana kore, muka bar shi ya sha iska ya yi laushi, sannan muka nannaɗe shi dami-dami da sassafe, lokacin da raɓa ta sa ganyen ba ya karyewa. Da rana ba a taɓa harawa. Gyada ma haka, bayan an tsige 'ya'yan aka shanya ganyen a kan tabarmi da leda, aka dura a buhu har da ɓurɓushin, don ɓurɓushin nan shi ne zallar ganye. Lablab na bar shi har farkon Nuwamba, da ya fara nuna alamar fure muka sa lauje. Karansa ya fi na wake kauri, yana daɗewa bai bushe ba alhali ganyen ya riga ya bushe, saboda haka a inuwar rumfa muka shanya shi muna juyawa a hankali. Wannan kwatar eka ta ba ni tari wanda ya ba ni mamaki, ya kusa kamo abin da na samu a waken eka ɗaya da rabi.

Ajiya ma na sauya. Al'adarmu ita ce a ɗora harawa a kan rumfa, ko saman soro, ko a reshen bishiya. Ta tsira daga awaki, amma rana da iskar hunturu suna dukanta wata biyar, ta koɗe ta zama fara, ga kuma ruwan bazara da kan zo ba sallama a Mayu. Na share wani tsohon ɗaki, na jera duwatsu da itatuwa a ƙasa saboda gara, na tara damunan a kai, ban jingina su da bango ba. Harawar da na ciro a Afrilu tana nan da korenta da ƙanshinta.

A Disamba na je kasuwar Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis. Na so Balami saboda girmansa, amma cinsa ma babba ne, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfina. Na sayi 'Yankasa huɗu da Uda biyu, matasa waɗanda zuwa Sallah za su cika shekara har su haura, tunda abin da malamanmu na Malikiyya suka fi tafiya a kai shi ne ragon layya ya cika shekara. Na duba haƙori da ido da hanci, na zaɓi masu dogon jiki da faɗin ƙirji ko da sun rame, domin rama abinci ke gyara ta, gajarta kuwa babu abin da ke gyara ta. Da isowarsu gida ma'aikacin lafiyar dabbobi ya ba su maganin tsutsar ciki, ya yi musu rigakafin PPR, cutar nan mai zawo da majina da ke share garke. Wanda bai fitar da tsutsa ba, tsutsar yake turkawa.

Daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu riƙo kawai muka yi: karan dawa da aka daddatsa ƙanana, busasshiyar kyasuwa, kowar wake, da ɗan damin harawa da yamma. Uwargida takan jiƙa dusa da ruwan tsari ta ba su. Da Maris ya kama muka fara ƙara musu, a hankali, cikin kusan mako biyu, don rago idan aka cika masa dusa ko hatsi farat ɗaya cikinsa yana lalacewa. Daga nan abincin kowanne a rana ya zama harawa fiye da rabi, sauran dusar masara da ta alkama haɗe da ɗan dusar auduga, ga gishiri da ruwa mai tsabta a gabansu kullum. 'Ya'yan gawo da yara ke tsintowa ma sun taimaka, don a wannan lokacin suke zuba.

Ragunan su suka yanke hukunci a kan zaɓina. Harawar gyada ba sa barin ko tsinke. Ta wake suna cinye ganyen su bar manyan igiyoyin. Lablab kuwa ranar farko shinshinawa suka yi suka juya baya, har uwargida ta ce, "Malam, baƙon naka fa ba su karɓe shi ba." Sai ta riƙa cakuɗa shi da harawar gyada tana rage gyadar kaɗan-kaɗan, kafin mako ya zagayo suna cin sa shi kaɗai. Kaurin karansa ne matsala, sai an sassara shi da adda, in ba haka ba kashi mai yawa a ƙasa yake ƙarewa. Ina rataye su a sikelin ƙugiya lokaci-lokaci, kuma a watannin ciyarwa mai ƙarfi suna ƙara abin da ya kai kilo uku zuwa huɗu a wata, Udan sun ɗan fi. Ban ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin makonnin lablab da makonnin harawar wake, kuma wannan shi ne abin da nake son sani, domin lablab a ƙaramin fili ya fito.

Wani amfanin harawar da ba a cika faɗa ba shi ne fitsari. Ragon da aka tsare a kan dusa zalla yakan kamu da tsakuwa a mafitsara, ka gan shi yana nishi yana ɗaga wutsiya fitsari ya ƙi fita, sau da yawa sai dai a yanka. Dusa tana da sinadarin fosfaras da yawa, ganyen dangin wake kuma yana da kalsiyam mai daidaita shi. A unguwarmu an yi asarar raguna ta wannan hanyar a bazarar, lokacin da harawa ta yi tsada mutane suka koma kan dusa. Nawa Allah ya kiyaye su.

A watan Mayun 2025 gwamnatin Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi zuwa waje, raguna suka yi tsada a kasuwanninmu. Na kai biyar Wudil ranar Juma'a, mako guda kafin Sallah, na bar ɗaya na layyar gida. Ribar ba daga tsadar kaɗai ta zo ba, ta zo ne daga cewa ban sayi ko dami ɗaya na harawa ba, har na sayar da ragowar ta gyada. Takin da suka tara a turke kuma ya koma fegin da lablab ya tashi, inda na sa masara.

Da na lissafa, Sallar 2026 a ƙarshen Mayu za ta zo, wato babu ko ɗigon sabuwar ciyawa da za ta riske ta. Na ninka fegin lablab zuwa rabin eka, na matsar da shi kan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, na kuma bar layi biyu da ba zan yanka ba, zan kewaye su da ƙaya su yi 'ya'ya, don in samu irin kaina in kuma ba kawu, wanda ya riga ya ce in ajiye masa mudu guda.